Kafintan da Ya Cika Layinmu da Sunansa

Ranar da wandon maƙwabcina Kafinta ya yage a gaban iyayen yara sama da ɗari biyu, ina wurin, a benci na biyu, kuma ba zan ɓoye ba, dariyata ce ta fi ta kowa tashi.

Makarantar firamaren unguwarmu ce take rabon kyaututtuka. Shi ya yi musu kujerun aji uku, shi ya haɗa dandamalin katakon da manyan baƙi suka zauna a kai, saboda haka Hedimasta ya ga ya kamata a kira shi a gode masa. Kafinta ya ci ado. Ni na goge masa kayan da hannuna, don wanki da guga ne sana'ata, kuma bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa. Hedimasta ya ɗaga takarda, ya gyara tabarau, ya kai baki ga lasifika.

"Muna kiran Malam Zil... Zilbanu?" Ya sauke tabaran ya dubi jama'a. "Don Allah, wannan sunan mutum ne ko na maganin tari?"

Wuri ya kaure da dariya. Shekara ashirin muna ce masa Kafinta, ba wanda ya taɓa tambayar sunan da uwarsa take kiransa da shi. Ya miƙe fuska a murtuke, ya taka matakalar dandamali da sauri don a yi ta a gama, sai wata ƙusa da shi da kansa ya buga bai lanƙwasa kanta ba ta cafke masa wando. Ƙyaaat! Daga ƙugu har gwiwa. Da hannu ɗaya ya karɓi takardar godiya, ɗayan yana riƙe da abin da ya rage na mutuncinsa.

Da Hedimasta ya tsaya nan, da an manta cikin mako guda. Amma mutumin nan in ya ga yana ba jama'a dariya, ba ya iya sakin lasifika.

"Shekara ashirin da tara ina kiran rajista," in ji shi, "yara dubbai sun wuce ta hannuna, ban taɓa cin karo da wannan suna ba. Ka lallaɓa shi, Malam, don daga kanka an rufe shafin."

A nan dariyar ta ɗan lafa, domin kowa ya san 'ya'yan Kafinta biyar ne, kuma dukansu mata.

Kwana uku bai buɗe shago ba. Rana ta huɗu na leƙa na ce, "Maganin tari, an tashi lafiya? Cokali nawa ake shanka?" Yana ta gogar wani katako da samfefa, ya ɗago ya dube ni, ya dubi ƙofar gidana, ya ci gaba da aikinsa. Da ina da wayo, da tun daga wannan kallon na tattara iyalina na bar layin.

Matarsa ce ta ba matata labarin inda sunan ya fito, matata ta ba ni, ni kuma ga shi na ba ku. Mahaifinsa mai haƙar rijiya ne. Wata rana ƙasa ta rufto masa a cikin rami, mutane suka yi cirko-cirko a baki ana ta salati ba mai shiga, sai wani baƙo mai wucewa ya ajiye jakarsa, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya shiga ya tono shi. Ruwa kawai ya yarda ya sha. Aka tambaye shi sunansa, ya faɗa, ya saɓi jakarsa ya yi gaba. Ba wanda ya san garinsu, ba wanda ya san yarensu. Tsohon ya sa wa ɗansa na fari sunan, kuma ranar da zai rasu ya riƙe hannun Kafinta ya ce kada ya bari sunan nan ya ɓace. Ni dai cewa nake a jikin gwangwanin fenti tsohon ya gani, amma a bayan ido nake faɗa. Babbar 'yar Kafinta ta bincika a waya, ta ce duk inda ta duba ba ta ga mai sunan ba ko ɗaya, sai ubanta.

A lokacin matata tana da cikin wata takwas. Wata rana da hantsi sai ga Kafinta ya yi sallama ya shigo tsakar gidanmu da gadon jariri a ka. Ni tun da nake ban taɓa ganin gado irinsa ba. Jan katako ne mai nauyi, sumul kamar madubi, ƙafafunsa a lanƙwashe, in ka taɓa shi da yatsa ɗaya sai ya yi ta lilo shi kaɗai. A fuskar gadon kuwa ga sunan nan ɓaro-ɓaro. Ba fenti ba ne da za ka goge, ba zane ba ne da za ka kankare. Huda katakon ya yi, harafi bayan harafi, har kana hango bango ta ciki.

"Maƙwabci, wannan kuma na wa?"

"Naku ne. Kyauta."

"To, rubutun fa?"

"In namiji ne, ga sunansa nan. In mace ce, ta kwanta abinta, a ajiye wa ƙaninta."

"In na ce ba na so fa?"

"Sai in ɗauki abina. Amma na ga kai ka fi kowa jin daɗin sunan ran nan. Har hularka ta faɗi."

Na juya in nemi goyon bayan matata, sai na tarar ta riga ta shimfiɗa zane a ciki tana lilo da shi ba kowa.

"Maigida, wallahi gadon nan ya shigo ke nan," in ji ta. "Suna ai suna ne. Naka ma wa ya taɓa yabawa?"

Namiji ta haifa. Haka ni da na fi kowa dariya na zama uban Zilbanu na biyu a duniya. Kullum da safe in rana ta shigo ta taga, sai ta bi ta hudar haruffan nan ta rubuta mini sunan a jikin bango, daidai inda nake buɗe ido.

Daga nan fa Kafinta ya ɗaura ɗamara. Shagonsa yana kan hanyar asibitin mata, kuma Talata ce ranar awon ciki. Duk Talata sai ya fito da teburin aikinsa waje, fensir a bayan kunne, yana gaida mata masu wucewa da katin awo a hannu kamar ɗan takara. Wata matar ma kafin mijinta ya san tana da ciki, Kafinta ya riga ya yanka katako. Ya ƙulla abota da unguwarzoma, ya gyara mata ƙofa, ya yi mata kujera. Ni ma ya sa ni cikin aikin, wai duk gidan da na ga sun kawo wankin ƙananan kaya sababbi in sanar da shi. Na yi, kuma da zuciya ɗaya na yi, don ba ni kaɗai za a riƙa nunawa a layi ba.

Shekarar farko yara maza goma sha ɗaya suka ci sunan. In kana son ka san inda sunan ya fi yawa, bi inda babu kuɗin gado: layinmu, bayan kasuwa, gefen tashar mota. 'Ya'yan direbobi ne da lebura da masu faci da irinmu masu guga. Tsallaken gada, inda masu gidan bene suke sayen gadon ƙarfe a kanti, ko ɗaya babu. Can Hedimasta yake haya, da safe ya zo a babur, a tashi ya koma, bai san wainar da ake toyawa a layinmu ba. Malaman da suka sani kuwa suka yi gum, kowa yana son ya ga ƙarshen abin.

Ba a daɗe ba sai da aka fara yi wa yaran lakabi: na bakin famfo, na mai faci, mai kuka, baƙin, dogon. In wata uwa ta leƙo ta ƙwala kira, sai yara takwas su amsa, wanda ake nema kuma ya yi shiru ya ce ya ɗauka ba da shi ake ba. Nawa ya ƙware a wannan.

Mutum ɗaya ne ya gwada yi masa wayo, wani direban tasi. Ya karɓi gado, aka haifi namiji, ya sa masa sunan wansa, ya rufe rubutun da tawul. Kafinta ya je da rana tsaka, ya gaisa da mai jego, ya ɗaga jaririn a hankali ya miƙa mata, ya sa masa albarka, ya ɗora gadonsa a ka ya fito. Tun daga ranar ba wanda ya sake gwadawa.

Gidansa kuwa shi ya ji jiki. Katakon da ya tanada don gyaran rufin ɗaki ya tafi a gado. Wata rana na ji matarsa ta bayan bango:

"Baban yara, ina ƙofar kicin?"

"Wata ce a bayan kasuwa haihuwarta ta zo da wuri."

"To ka haɗa da gadonmu mana, mu kwana a ƙasa! Hedimastan nan fa ya manta ma ya yi maganar. Kai kaɗai kake dafa kanka."

"Shi ya manta. Ni zan tuna masa."

Abin da yake jira ɗaya ne: ranar da yaran farko za su cika shekara shida, a kai su gaban Hedimasta, ya rubuta sunan da hannunsa. Domin mutumin bai yarda kowa ya yi rajistar sababbin ɗalibai ba sai shi, wai rubutun malamansa kamar tonon kaza.

Saura wata biyar, sai labari ya zo cewa shekarun aikin Hedimasta sun cika, ƙarshen zango zai ajiye. Ranar na ga Kafinta ya buga guduma a kan babban yatsansa bai ko ce wash ba. Washegari ya rufe shago, ya ɗauki takarda, ya bi gida-gida yana tara sa hannun iyaye, wai a roƙi ofishin ilimi a bar mana shi ko da shekara ɗaya ce. A taron iyaye ya miƙe ya yi ta yabonsa, uban marayu, fitilar unguwa, wanda in ya tafi makaranta ta mutu. Ni da nake kusa da shi sai da na ciji hannun rigata. Ofishin ilimi ya amince. Da Hedimasta ya kwanta ciwon ƙafa, Kafinta ne ya fara zuwa dubiya, da lemo cike da leda da sandar dogarawa da ya sassaƙa masa.

"Malam Kafinta, ashe haka kake da zuciya mai kyau?" in ji Hedimasta, idonsa har ya kawo ruwa.

"Allah ya ja kwana, Malam. Ba wanda ya kai ni son ka ga sabuwar shekarar karatu."

Ranar rajista tun da sassafe muka hallara. An fito wa Hedimasta da tebur a inuwar baranda, babban littafi a buɗe, biro a hannu. Kafinta ya zo da kujerarsa daga shago, ya kafa ta a gindin bishiya daidai inda zai ga hannun mai rubutu. Ni ne na farko a layi, riƙe da nawa.

"Sunan yaro?"

"Zilbanu."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya yi 'yar dariya, ya rubuta. Sai mai faci ya matso da nasa.

"Suna?"

"Zilbanu."

A na uku dariyar ta ɗauke. A na biyar ya cire tabarau ya goge, ya ce a kawo takardar haihuwa, aka miƙa masa, ya juya ta gaba da baya. A na bakwai biro ya ƙi yi, wani malami ya miƙo nasa yana kallon sama don kada ya fashe. A na tara sai ya daina tambaya, ya dubi yaro kawai, uwar ta gyaɗa kai, ya rubuta. Da ya gama na sha ɗaya, ya ce duk mai wannan suna ya ɗaga hannu, yaran suka ɗaga, sai ƙannensu da ke riƙe da zanen iyayensu mata su ma suka ɗaga, har da wani da ke goye. A lokacin ne idonsa ya faɗa gindin bishiya.

Ya dogara sandar nan ya taso, yana ɗingishi, har gaban Kafinta.

"Malam Kafinta, aikinka ne wannan?"

"Ni gado kawai nake yi, Malam."

"Haba, bawan Allah! A kan 'yar raha ta minti ɗaya? Shekara shida? Yaro sha ɗaya a aji ɗaya, in ɗaya ya fasa taga wa zan kama? In ɗaya ya ci jarrabawa wa zan ba sakamako?" Ya buga sandar a ƙasa. "To wallahi ba da ni ba. Yau ɗin nan zan rubuta takardar ajiye aiki. Na gina ɗan gidana a bayan gari, in koma can in huta, kunnena ya huta da sunan nan."

Kafinta ya ciro fensir daga bayan kunne, ya hure masa ƙura, ya mayar.

"Gidanka mai shuɗin ƙofa, na kusa da injin niƙa? Ka koma lafiya, Malam. Gado tara na kai layin gidan naka bara, biyu ma bango ɗaya kuke da su."