Kudakun da Na Shafa wa Laka

Shekarar da Nasara sunka kafa turakun iyaka arewa da Illela, wata safiya da kaka, na durƙusa a fadamarmu ta wajen Amarawa riƙe da kudaku, wanda Kanawa ke ce wa dankali. Ya kai kan jariri girma, farin ruwansa na tsattsafowa daga inda fartanya ta sare shi. Lokacin ko famfara ban gama ba. Kakata Gwamma, mai kunyoyin kudakun, tana can gaba ta ba ni baya.

Ita ba ta yarda ƙarfe ya kusanci kudaku. A yanke yaɗo, a nemi inda ƙasa ta tsage, a sassauta gefen kunya da guntun icce, sauran aikin na yatsu ne, kana bin saiwa a hankali kamar mai tsefe kan amarya. Ni kuwa gaggawa ta sa na ɗauko fartanyar babana. Dokar Gwamma ɗaya ce: "Mai rauni tukunya, lafiyayye rami." Ramin nan da ake shimfiɗa wa ciyawa da toka shi ke riƙe gidanmu in gero ya ja baya. Tsoron bakinta ya sa na shafa wa saran laka, na cusa shi cikin lafiyayyu.

Bayan wata biyu anka buɗe rami, wari ya tarbe mu. Nawa ya ruɓe, ya ja na kewaye da shi. Gwamma ta ɗago shi, ta kankare busasshiyar lakar da farce, ta dube ni. "Ke Tumba, mi ya sami wanga?" Na faɗi gaskiya ina jiran bulala. Ba ta taɓa ni ba. Ta ce, "Sara ba laifi ba ne, ɗiyata, da tun ran nan mun cinye shi da ƙuli-ƙuli. Lakar ce laifi." Bazarar nan sau ɗaya munka riƙa ɗora tukunya a yini, kuma ba wanda ya sake tada zancen. Wannan ya fi bulala ciwo.

Tun daga nan har na aurar da jikoki ban ƙara saran kudaku ba, a je Amarawa a tambaya. Yanzu ina ganin buhunan kudaku a kasuwa, an haƙe da hauya, masu rauni a ƙasa, masu kyau a baki. Jikata da ke rubuta mini wannan ta ce kowa haka yake yi. To, Allah ya kyauta. Ni dai yatsuna sun ƙage, amma har yau sun san inda ƙasa ta tsage.