Firiza a Zauren Babanmu

Yayana da ke aiki a Kaduna shi ya ja mana wannan rigimar. Ya ji Inna tana kukan zoɓonta da kunun aya na sayarwa suna tsami kafin la'asar, sai ya sayi wata ƙatuwar firiza mai aiki da hasken rana, ya ɗora wa direba a Funtuwa, ya ce a kai ƙauyenmu, can bayan Ƙarfi. Ko faɗin ƙofa bai tambaya ba. Mutanen birni ke nan!

Damina ta zauna sosai a lokacin. Mu muka turo motar tun daga kwalbati, taɓo har gwiwa. Muka sauke kaya muna haki, firiza ta shige ƙofar waje da ƙyar. To, zaurenmu irin na da ne, ƙofar ciki ba ta kallon ta waje. A gefe take, ga ta tsukakkiya, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Muka miƙar da firizar tsaye, muka kwantar, muka karkata. Ina! Sai da na bar fatar yatsana a jikin bango.

Direba ya share gumi ya ce, "Alhaji, a ɗan sassare gefen nan da diga mana, yanzu ta wuce."

Baba ya dube shi kamar ya zage shi. "Zauren da mahaifina ya gina da hannunsa? Yaro, ko ƙwarzane ba za a yi masa ba ina raye."

Na ce to a ɗaga ta ta kan katanga. Sai muryar Inna daga bayan ƙofa: "Katangar da ruwa ya jiƙa? Ku fasa mini ita tun ban ga cikinta ba? Wallahi ban yarda ba."

Direba ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya ja motarsa. Baba ya ce firiza ta zauna nan inda take, ya gyara hula, shi a dole ya yi nasara.

Abin da bai lissafa ba, Inna ba ta zama a zaure, wurin maza ne. Tana miƙo robobin zoɓo ta ƙofar ciki, ta koma aikinta. Wa ke wuni a wurin? Baba. Buzunsa ya koma lungu. Abokan hirarsa suka rasa wurin miƙe ƙafa, suka ƙaura gindin bishiya. Da farko cewa ya yi gadi kawai yake yi. Kafin a cire masara, 'yan ƙwadago sun fara sallama suna tambayar Alhaji mai zoɓo.

Abin ya ba ni dariya, daga baya ya ba ni tausayi. Wata rana na same shi shi kaɗai, yana jiyo shewar abokansa a waje, na ce, "Baba, don Allah mu sassare ƙofar nan ka huta."

Ya dafa bango. Can ya ce, "Bar ta."

Sai ya leƙa ciki ya ɗaga murya: "Hajiya! Kunun aya ya ƙare, ga mutane suna jira!"