Binnen Baba Idi

Har gobe ban manta da ranar da na koma gonar Baba Idi ba, a wani ƙauye kusa da Gwiwa. Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, ina ƙaramin malamin gona.

Baba Idi dattijo ne mai iyali da yawa. Duk yunwar da aka sha, ya hana a taɓa gero tiya biyu da ya ɓoye don iri. Ni na ce masa ya yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa kafin saukar ruwa. Ya ce, "Malam, ɓerayen daji fa? Bana sun yi yawa." Na bugi ƙirji na ce jibi zan kawo magani. Ya yarda, aka shuka.

Ƙa'idarmu kuwa, ba a fitar da magani daga sito sai babban jami'i ya sa hannu. Na hau keke na tafi ofis. Ina isa na tarar da baƙo, wani Bature, ya zo neman ɗan tsuntsu mai shan ruwan fure, dangin sha-kauci, wai ba a cika ganinsa ba.

Na ce wa jami'in, "Yallaɓai, iri yana ƙasa fa."

Ya ce, "Kai ka san duwatsun Roni, shiga mota. Ɓera ba gudu zai yi ba."

Kwana huɗu muna gararamba. Baƙon mutumin kirki ne, amma surutunsa ya ishe ni. Wai tsuntsun in ya wuni bai sha ba ya galabaita, shi kuwa ɓeran daji sai ya yi watanni ba ruwa, ƙwaya ta ishe shi. Yana yabon ɓera, ni kuwa hankalina yana kan geron Baba Idi. Tsuntsun ma ko gashinsa ba mu gani ba.

Ran na biyar na isa gonar da magani. Wayyo! Rami bayan rami an tone, layi-layi, ko ɗaya ba su tsallake ba. Baba Idi yana tsugune a tsakiya.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Bai ɗago kai ba. "Da na sani, da na daka wa yara sun sha kunu."

Kafin ruwa ya sauka ya kwashi iyalinsa ya yi kudu. Ban sake ganinsa ba.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, ku ji ni. Na daɗe ina zagin jami'in nan, amma bakina ne ya binne geron. Manomi in ya yarda da kai, abincin 'ya'yansa ya miƙa maka. Na yi shekara talatin bayan nan, ban ƙara cewa kowa ya shuka ba sai maganin yana hannuna.