Tambayar da Na Hana Masinja Ya Kai

A tsakiyar shekarun dubu biyu na samu aiki a wata makarantar kuɗi da ke kan hanyar Bukuru, firamare da ƙaramar sakandare a haɗe. Aikina kula da ɗakin kwamfuta. Babana mai sayar da katako ne a kasuwar Katako, kakana kuwa haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, don haka da na faɗi aikin a gida babu wanda ya gane, sai dai aka yi mini Allah sanya alheri. Ni kaina ilimina bai wuce na wata shida da na yi a shagon buga takardu ba. Ban gaya wa Madam haka ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Madam ita ce shugabar makarantar, 'yar asalin Filato, doguwa, ba ta ɗaga murya. In ka yi laifi tabarau kawai take cirewa ta dube ka. Ni mace ce mai saurin baki, amma a gabanta nakan auna maganata.

Manhajar da muke aiki da ita wani Bayarabe ne mazaunin Kabong ya rubuta mana, muna ce masa Oga Injiniya. Da ita yara suke gwajin tambayoyin lissafi da Turanci, malamai su shigar da maki, ofis kuma ya ajiye bayanan kowane yaro: suna, aji, addini, unguwa, kwatancen gida, da lambar wayar iyaye in akwai. Duk wannan yana cikin rumbun bayanai a wata babbar kwamfuta da muke kira saba, wadda aka ajiye a tsohon ɗakin tsintsiya. Da aka gama shigar da komai, sai aka kwashe takardun shigar yara a buhuna aka kai su tsohon ginin makarantar a cikin Bukuru.

Da farko kowace kwamfuta da kanta take zuwa rumbun. Kwamfutocin na gwanjo ne, to in aji guda suka danna lokaci ɗaya sai komai ya daskare, yara su juyo suna kallona kamar ni na riƙe. Sai Oga Injiniya ya ƙara wani ɗan shiri a cikin saba, mai aiki a bayan fage, ba wanda yake ganinsa. Duk tambayar da aka turo shi yake karɓa, ya jera su a layi, ya kai rumbu ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da amsa. Tambaya mai nauyi, irin wadda za ta bi ta kan dukan yaran makaranta, sai ya ajiye ta gefe har lokacin dogon hutu na ƙarfe sha ɗaya. Ni na sa masa suna masinja, sunan kuwa ya zauna.

Masinja yana da hali ɗaya da ban so ba tun farko. Da sunan kansa yake shiga rumbu, kuma ba ya rubuta daga wace kwamfuta aka aiko shi. Malamai kuwa duk kalmar sirri ɗaya suke shiga da ita, har da ofishin Madam. Ita ta ce a yi haka. A cewarta mu gida ɗaya ne, in aka ba kowa tasa za a ce ana zargin juna. A Jos ta waɗancan shekaru zargi ba ƙaramar magana ba ce, tun bayan rikicin addini da ya faru a garin kowa yana kaffa-kaffa da maƙwabcinsa. Na yi wa Oga Injiniya magana, ya yi dariya.

"Sista, wane ne zai saci makin yara? Masinja ba ya da aikin tambaya wane ne kai. Ya karɓa, ya kai, shi ke nan."

Al'adata ce kullum bayan an gama taron safe in shiga ɗakin saba in buɗe layin masinja in duba. Ba dole ba ne, son ganin ƙwaƙwaf ne kawai irin nawa. Yawanci abin da ke ciki makin aji kaza ne, ko jerin waɗanda ba su zo ba.

Wata Litinin na buɗe na tarar da tambaya mai nauyi tana jiran sha ɗaya. Ana neman sunan kowane yaro, da addininsa, da unguwarsu, da kwatancen gidansu, a jera su unguwa-unguwa. Babu zancen maki ko aji.

A makon nan gari ya fara ɗaukar zafi irin wanda ba a gani sai dai a ji a jiki. 'Yan acaɓa sun fara cewa ba sa wuce wuri kaza. A tashar motocin Bukuru mutum sai ya leƙa ya ga su wa ke ciki kafin ya shiga. Na zauna ina kallon tambayar. Takarda ce da za ta nuna wa mai riƙe da ita wane yaro ne yake zaune a unguwar da danginsa ba su da yawa, da kuma ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na ji tsoro sosai. Kafin sha ɗaya ta cika na cire ta daga layi.

Washegari ta dawo, iri ɗaya sak. Na sake cirewa.

Ran Laraba aka canza ta. Yanzu ba dukan yara ake nema ba, na addini ɗaya ne kawai. Ba zan faɗi wanne ba, ban faɗa a lokacin ba kuma ba zan faɗa yanzu ba. Ran Alhamis haka, ran Juma'a haka. Sau biyar ke nan a mako guda, uku daga ciki na ɓangare ɗaya.

Na fara kallon mutanen da muke cin abinci tare. Kwamfuta biyu ce a ɗakin malamai, ɗaya a ofis, kowa yana zama a kai. Malamin lissafi da yake kawo mini dankalin gonarsu, malamar da ta yi mini rakiya asibiti, malamin addini na wannan ɓangare da na wancan, duk sai na riƙa bin yatsunsu da ido. In wani ya gaishe ni sai in ce ko shi ne. Na ji haushin kaina, na kuma ji haushin Oga Injiniya da masinjansa mara tambaya. Na neme shi a waya aka ce ya tafi garinsu jana'iza.

Za a ce me ya hana ni zuwa wurin Madam. Na je har ƙofarta sau biyu na dawo. In na ce wani a cikin malamai yana neman gidajen yara, kafin azahar maganar ta fita, kowane ɓangare ya nuna ɗayan da yatsa, ni kuma da ɗankwalina an san ɓangaren da za a ajiye ni. Sannan ofishinta ma da kalmar sirrin nan yake shiga. Na ji kunyar wannan tunani, amma na yi shi.

Ba kullum nake wurin ba, wata rana zan makara ko in yi zazzaɓi, masinja kuwa zai kai saƙo. Don haka ran Juma'ar, bayan an tashi, na kwafe unguwa da kwatancen gida da lambobin waya a faifan kwamfuta, na goge su daga rumbu. Na kai faifan gida na sa a ƙasan akwatina, cikin zannuwa. Na ce yanzu duk mai so ya tambaya. A raina har yabon kaina nake.

Ranar Talatar da ta biyo baya da wajen ƙarfe goma muka ga hayaƙi ta wajen cikin gari. Ba a jima ba motoci suka fara dawowa a guje da fitilu kunne. Waya ta ƙi shiga. Madam ta sa aka rufe ƙofa, aka tara yara a babban ɗaki, sannan ta shigo ɗakin saba da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"'Yata, fitar mini da jerin yara unguwa-unguwa, da gidajensu. Motoci biyu gare mu. Ina so kowane direba ya ɗauki yaran inda zai iya shiga ya fito lafiya, tun hanya ba ta rufe ba."

Na ce, "Madam, babu su a ciki."

"Babu me?"

"Na cire su. Suna gida."

Ta cire tabarau. Ba ta tambaye ni dalili ba, ba lokaci. Gidanmu yana bayan hayaƙin nan, takardun kuma suna cikin buhuna a Bukuru, a gauraye.

Manyan yara sun san gidajensu, aka raba su aka tafi da su. Wasu iyayen suka zo da ƙafa, wasu ba takalmi. Matsalar 'yan aji ɗaya da aji biyu ce. Na durƙusa a gabansu ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Wannan ta ce gidansu kusa da mai ƙosai. Wannan ya ce mai jan ƙofa. Wata ta ce kusa da gidan su kakarta, ta fashe da kuka. Direba ɗaya ya gwada bin kwatancen yara, ya dawo da su bayan rabin awa, gilashin gaban motar a fashe, ya ce ko za a kore shi ba zai sake fita ba.

Da la'asar yara huɗu suka rage, ba mu san inda za mu kai su ba, ba mu da lambar kowa nasu. Madam ta tafi da su gidanta da ke bayan makaranta, ni ma can na zauna. Kwana uku muka yi. Uwar ɗaya daga cikinsu, da ta ji labarin motar makaranta da aka fasa wa gilashi, asibitoci ta riƙa bi. Har ɗakin ajiye gawa ta shiga ta buɗe fuskokin yara kafin wani ya ce mata ta gwada gidan Madam. Da ta zo sai ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafar ɗanta. Lambar mijinta tana cikin akwatina. Har yau in na tuna zaman matar nan sai in ji abinci ya fita raina.

Da aka koma makaranta na kawo faifan ofis na ajiye a teburin Madam, na gaya mata komai daga farko. Ta saurare ni har na gama.

"Ni na tura," ta ce. "Na ga yadda gari yake, na so in shirya hanyar motoci tun da wuri. Ban so in faɗa a ɗakin malamai in tayar da hankali ba. Da ban ga amsa ba na zaci masinjanku ne ya lalace."

Kunya ta rufe ni. Na ce ta yafe mini, sannan na ce, "Amma Madam, me ya sa daga baya kika koma neman ɓangare ɗaya?"

"Wane ɓangare?"

"Laraba, da Alhamis, da Juma'a."

"Litinin da Talata na tura. Sau biyu. Dukan yarana na nema."

Ƙofar ofis a buɗe take, ana jin malamai a ɗakinsu suna yi wa juna barka da arziki, wani yana dariya. Madam ta tashi ta tura ƙofar a hankali, ta dawo ta zauna.

Na ce, "In mayar da su cikin rumbu?"

Ta dubi faifan, sannan ta turo mini shi da yatsa ɗaya.

"Sa shi a jakarki tukuna. Kar ki gaya wa kowa inda yake."