Motar Malam Yahuza Mai Son Gangara

Matso ka zauna, in ba ka labarin Malam Yahuza, direban hanyar Dutse zuwa Jahun a shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a Arewa. Motarsa sarauniya ce, ba ta tashi sai fasinjoji sun tura ta. Shi ya sa kullum a gangara yake ajiye ta. Ya sauya batir, ya sauya fulogi, har turare ya yi mata saboda bakin mutane. Fasinjoji kuwa suka gaji da gumi, suka koma motar da ke bayansa.

Da ya ga zai rasa layinsa a tasha, sai ya kai ta wurin Muntaka bakanike. Muntaka ya zare tiyon da ke kai mai kafireta, ya ce, "Murza makulli, Baba." Maimakon fetur ya yi tsartuwa, sai ya riƙa ɗiga kamar hawaye.

Muntaka ya ce, "Ga maƙiyin naka, Baba, famfon mai ne ya tsufa. Yunwa take ji."

Aka sa sabo, ta tashi bugu ɗaya. Amma Malam Yahuza ya dage cewa turarensa ne ya ci, a makare. To kai, wa za ka gaskata?