Abincin Tara

Wata Laraba ce cikin damina, ƙarshen shekarun 1980, ina aji huɗu a wata firamare a unguwar Kwarbai, cikin birni. An kaɗa ƙararrawa, mu arba'in da ɗoriya muka ja layi a gindin dalbejiya, kowa da ɗan kwanonsa. Sai ga ƙanwar Babana da 'yar samira guda a hannu, ta dire gaban Malam. Ya buɗe, ya leƙa, ya dube ni. Ɗanwake ne, ya sha mai da yaji, amma ko 'yan gaban layi ba zai ƙosar ba. 

Mu 'yan boko, hutun da ake ba mu da hantsi shi muke kira tara, ko da sai goma aka tashi. A da, da an tashi tara sai mu watse gida neman ɗumame, rabinmu kuwa sai gobe. Ni ce kan gaba, don ƙafata ba ta zama. Daga ɗumame sai carafke a lungu, daga carafke sai hawan ganuwa. Da abin ya ishi iyaye suka zauna da hedimasta, aka yanke kullum gida ɗaya zai dafa wa aji, a ci a makaranta. Hedimasta dai bai so ba. Ya ce ranar da abinci ya gaza yara suka watse, to an gama, kada a ƙara zuwar masa da maganar. Wata guda ana yi lafiya, sai da layi ya zo gidanmu.

Inna daga ƙauye aka kawo ta, ba ta taɓa taka makaranta ba, ga kulle, ga ni 'yar fari, tana kunyata ko sunana ba ta faɗa. Ranar Talata na faɗo gida a guje, ƙawaye na jirana a waje, na ce gobe mu ne da abincin tara. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Tara kacal?" Na ce tara, na yi waje. Ita kuwa baiwar Allah ta auna garin mutum tara, har da ƙarin biyu don kada a ce ta yi rowa.

Ban jira Malam ya yi magana ba, na zura gida ba takalmi, ina kuka tun daga zaure. Tsorona bai wuce a ce a hannun Inna abin ya lalace ba, 'yan birni su samu abin yi da 'yar ƙauye. Da ta gane, ba ta dake ni ba. Ta hau turmi ta leƙa katanga, ta ƙwala wa maƙwabciya kira, wannan ta kira ta gaba. Kafin in share hawaye kwanuka sun fara tsallako katanga: ɗumame, dafaffen rogo, koko, har da ƙullin da wata ta tanada don ƙosan yamma. Baba kuwa, mai ɗinkin manyan riguna da ke cewa wannan sha'anin mata ne, ya soke allura a wuyan riga, ya ɗora babban daro a kai, ya ratsa Kwarbai mutane na kallo. Mun iske Malam ya riƙe ajin da haddar lissafi, muryoyi sun dushe, wai don tsokana ma a kan sau tara ya tsaya. Ba wanda ya gudu. Hedimasta ya leƙo, ya ci rogo biyu, ya koma ofis.

Tun daga ranar Inna ta ajiye kunya a wannan fanni. Kullum na dawo sai ta tambaya, "Ku nawa ne yau?" In an ragu sai ta ji ɗan waye bai zo ba, ta aika gidansu. Ni kaina guduwa ta gagare ni, don ina cikin ƙirga.

Yanzu nawa yaran kowa da 'yar kularsa, in zuba in rufe, mota ta kwashe su. Katangarmu ta fi ƙarfin turmi, ban ma san sunan maƙwabciyata ba. Kwanaki autata ta ce wata a ajinsu ba ta zuwa da komai. Na buɗe baki in tambaya, sai na ji muryar Inna, Allah ya jiƙanta. Ashe ban taɓa sanin su nawa ne a ajin nata ba.