Tambulan Makka na Alhaji Sabo

Har yau ban manta da ranar da tsafta ta kusa raba ni da mutuncina ba. Lokacin ban daɗe da kama aiki a gidan Alhaji Sabo mai injin casar shinkafa a Kura ba, da rani, ana tsakiyar ɗibar tumatir. Aikina shara da wanke-wanke, a ƙarƙashin matarsa Hajiya Binta.

A falon Alhaji akwai kabet, a ciki akwai tambulan gilashi da ake ba manyan baƙi ruwa da su. Duk sun yi fari dushi-dushi. Wanda ya san ruwan burtsatsen unguwar ya san dalili: in ya bushe a jikin gilashi sai ya bar wani fari kamar gishiri, sabulu ba ya fitar da shi. Ni kuwa ga zumuɗin sabuwar ma'aikaciya. Na matse lemon tsami a ruwan ɗumi, na jiƙa su, na cuɗa da toka mai laushi, na goge da ƙyalle. Suka fito tas, har ana hango ƙofa ta cikinsu.

Da la'asar Alhaji ya shigo da baƙi, dillalan shinkafa. Ya buɗe kabet, sai ya yi turus.

"Laraba, ina kofunana?"

"Ga su nan, ranka ya daɗe. Wanke su na yi."

"Nawa daga Makka na zo da su, masu hazo ne. Waɗannan ai na kasuwar Bunkure ne. Wa kika sayar wa?"

Na dubi Hajiya ko za ta cece ni. Ta ce ita dai tun da aka kawo ta gidan, da hazonsu ta gan su. Na yi kuka ranar, don mai aikin gida in aka ce ta ɗauki abu, babu ƙofar da za a sake buɗe mata a garin.

Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in nemo masa kayansa. Na kwashe tambulan zuwa bayan kicin. Kullum in tsoma su a ruwan burtsatse, in shanya a rana, in sun bushe in sake tsomawa. Ni da aka ɗauka don wanke-wanke, ga ni zaune ina gadin datti, ina korar kaji.

Hazon ya dawo, na mayar da su kabet. Alhaji ya ɗaga ɗaya wajen taga, ya yi murmushi, ya ce ai kayan Makka ba sa ɓuya. Na fara bayanin yadda na yi, ya ɗaga hannu.

"Bar bayani, Laraba. Tunda kin dawo da su, na yafe."

Daga nan duk baƙon da ya zo sai Alhaji ya yaba ni a gabansa: yarinyar nan tana da tsoron Allah, ta ɗauka amma ta mayar.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, kowane gida yana da dattin da masu shi ke alfahari da shi. Ku tambaya kafin ku sa soso. Ni na yi shekaru a gidan nan, an amince mini da komai har da renon jikoki, amma ban da makullin kabet.